Koriyar Takardar Tela

Duk ranar Talata ofishin kula da tsofaffi na birnin yana aika wa kowane dattijo takarda: yaushe motar asibiti za ta zo unguwa, ina ake gwajin ido, wace lamba mai jinya zai kira in abu ya rikice. Da yake birnin ya tara mutane iri-iri, da yare bakwai ake buga ta, kowane yare da launin takardarsa. Ta Hausa rawaya ce. Shi kuwa Tela, wanda ko a mafarki Hausa yake yi, shekara biyu ke nan koriya ake kawo masa.

Ba kuskuren kowa ba ne. Shi da kansa ya sa alama a gidan kore ranar da aka kawo fom, wata uku bayan rasuwar matarsa. Koriya ta yaren Mai Agogo ce, maƙwabcinsa na hawa na uku, wanda shagonsa ya yi shekara talatin jingine da na Tela kafin ido da baya su kore su daga kasuwa. A ganin Tela, namiji mai furfura ba ya hawa matakala arba'in da biyu don kawai ya ce wa wani ƙato ina kwana. Sai da dalili. To ga dalili, a ambulan, da hatimin hukuma.

Saboda haka kowace Talata zai kafa hula, ya ɗauki sanda, ya hau yana zagin birnin a kowace kwana.

"Duba min shirmen mutanen nan. Sun sake aiko min da yarenku."

Mai Agogo zai maƙala ɗan madubinsa na gyaran agogo a ido, ya karanta a hankali da karkatacciyar Hausarsa. Duk inda takarda ta yi maganar gishiri ko sukari, sai ya yi tari ya tsallake layin, ya ƙara wa Tela cokali na uku a shayi. Ranar Alhamis kuma shi zai sauko da tasa takardar, rawaya, ta Hausa, yana ƙorafin cewa ofishin nan ba su san aikinsu ba. Takarda ɗaya ce, kalma da kalma. Amma Tela zai karanta da muryar mai labarai, Mai Agogo yana cewa "Kai! Ashe?" kamar ba shi ya karanta ta shekaranjiya ba. Ba wanda ya taɓa tona wani.

Ana haka Tela ya zame a banɗaki. Auta, ƙaramar 'yarsa, ta tattaro kayanta ta dawo gidan don ta kula da shi. Auta irin mutanen nan ce da in suka ga hoto ya karkace a bangon gidan wani sai sun tashi sun gyara. A kwana biyu ta jera magunguna a ɗan akwati mai gida bakwai, ta ɓoye gishiri, ta shimfiɗa roba a banɗaki. A kwana na uku ta buɗe akwatin keken ɗinki ta tarar da tulin korayen takardu.

"Baba, wannan fa? Shekara biyu ana aiko maka da yaren da ba ka ji, ka yi shiru?"

"Bar su kawai. Hukuma ce, ba a ja da ita."

"Ni zan ja da ita."

Ta kuwa ja. Da ta ji Baba na sama ma irin matsalar gare shi, sai ta karɓo fom biyu. Mai Agogo ya sa hannu yana godiya, fuskarsa kamar ta wanda aka cire wa haƙori mai lafiya.

Birnin da ya yi shekara goma bai cike ramin ƙofar gidansu ba, a wannan karon mako ɗaya ya ishe shi. Talata ta zo da rawayar takarda. Tela ya karanta ta a minti biyu, har da layin da hukuma ke roƙonsa ya rage sukari, wanda Mai Agogo ke tsallakewa. Ya ninke ta, ya zauna yana kallon hularsa a jikin ƙusa.

Ya gwada dabara. Ya cusa tabaransa cikin takalmi ya ce ido ya ƙi. Auta ta zauna ta karanta masa da ƙarfi, har da layin gishiri sau biyu. Ya ce ba ya son ya riƙa ɗauke mata lokaci. Ta kira lambar masu jinya, aka sa wata murya mai ladabi ta riƙa karanta masa ta waya da Hausa tsantsa, in bai danna ɗaya ba ta sake kira. Ya nemi agogon da zai lalata ya kai gyara, sai ya tuna tun bara ya ba jikansa. Alhamis ta zo ta wuce, ba a ji ƙwanƙwasar sanda a matakala ba.

Mako uku ke nan. Ƙafafunsa suka kumbura don zama, ya daina faɗa da rediyo, kuma abin da ya fi tayar wa Auta hankali, ya ci abinci ba gishiri bai ce uffan ba. Gaskiyar magana kewar abokinsa ce ke cinsa, kuma ya gwammace ta cinye shi da ya faɗa.

Ranar Litinin ya kafa hula ya ce ofishin zai je.

"Me za ka yi a can, Baba?"

"Magana ce tsakanina da hukuma."

Ba ta bar shi ya tafi shi kaɗai ba. A ofishin akwai kujerun roba a jere, da allo mai kiran lamba da yare bakwai, da kwanduna bakwai na takardu a kan teburin gaba. Da aka kira tasu, Tela ya jingina sanda ya dubi ma'aikaciyar, wata mai tabarau a goshi da biro a bayan kunne.

"'Yata, so nake a mayar min da koriya."

Auta ta juyo ta dube shi.

Ma'aikaciyar ta duba na'ura. "Baba, ai mako uku ke nan da aka gyara maka. Kana jin yaren ne?"

"Ina koyo."

Sai ta gaishe shi da yaren, don ashe nata ne. Tela ya gyara murya ya mayar mata da kalma ɗaya tilo da ya sani, wadda Mai Agogo ke faɗa in ƙaramin noti ya faɗi ƙasa. Wata tsohuwa a layin baya ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Ma'aikaciyar ta sunkuya kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin tebur, kafaɗunta na rawa.

Da ta ɗago ta ce, "Baba, ba zan iya sauyawa ba sai na rubuta dalili. Ga gidansa nan a fom. Kuma koyo ba ya cikin dalilan."

Tela ya dubi fom, ya dubi Auta, ya dubi sandarsa.

"Rubuta," ya ce a hankali. "In takarda ta zo da Hausa, ba ni da abin da zai hau da ni bene. Kuma tun da uwar wannan ta rasu, ba ni da wanda zan yi wa ƙorafi sai mutumin da ke saman."

Idon Auta ya ciko. "Baba, me ya hana ka faɗa min?"

"Ai ga shi kin sa na faɗa a gaban jama'a."

Ma'aikaciyar ba ta rubuta komai ba. Ta jawo wani fom daga tire ta ɗaga.

"Hawa na uku, gida ɗaya da ku? Wani dattijo mai madubi rataye a wuya? Ranar Juma'a ya zo, ya ce a mayar masa da rawaya."

Tela ya miƙe zaune. "Shi me ya ce a rubuta?"

"Bai kamata in karanta maka ba." Ta sauke tabarau, ta karanta. "Maƙwabcina na ƙasa ya tsufa ƙwarai, hankalinsa ya soma tafiya. In ba na kai masa abin karantawa, zai lalace."

"Ni? Ni ne na tsufa? Mutumin da ya girme ni da shekara huɗu! Wanda bai iya bambanta mace da namiji a magana ba!"

Ya fizgi sanda ya fita, ko fom ɗin bai sa wa hannu ba. Auta ce ta tsaya ta cike, ta sa alama a gidan kore da hannunta, ta roƙi a bar muryar waya tana kiranta ita, don wani ya san ranar gwajin ido ta gaskiya.

A gida bai ko kalli ƙofarsu ba. Ya kama matakala yana haki yana shirya baƙaƙen maganganu, Auta na biye da shi a baya, hannuwa a buɗe ko zai zame. Bai zame ba. A ta arba'in da biyu ya buga ƙofa da sanda.

Mai Agogo ya buɗe. Ya rame shi ma. Ya dubi hannun Tela na dama, ya dubi na hagu.

"Yau Litinin. Ina takarda?"

"Babu takarda. Faɗa na zo yi."

Mai Agogo ya ja da baya, ya buɗe ƙofar sosai.

"To shigo ka yi shi a zaune. Ruwa ta tafasa."