Tumbin Direba

Likita ne ya ce wa wani direba ya rage tumbi, ko ciwon zuciya ya kayar da shi. Wata shida matarsa tana auna masa mai da cokalin shayi, kullum da safe ta tasa shi gaba su zagaya filin ƙwallo. Ita ta ƙara wa bel ɗinsa huji uku da ƙusa.

Ran da uwarsa ta zo, ta ƙare masa kallo, ta juyo kan matar.

"Ke, haka na ba ki shi? Kin tsotse min ɗa, ke kina cika kujera!"

Matar ta dubi mijinta, tana jiran ya ambaci likita.

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Inna, rabona da ƙoshi har na manta."