Hanji a Kan Kwanon Baba Bawah

"Maame Humu, sauko! Ciwo a gida, ke kuma kina kiran ungulu?"

Barkisu ce ke ihu daga tsakar gida. Humu mai waake, wato shinkafa da wake, maƙwabciyarsu, tana kan tsani da roba cike da hanjin akuya, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta san abin da unguwarsu, Moshi Zango, za ta ce: ungulu ba ta jewar banza, balle a kan ɗakin majinyaci. To, amma majinyacin ne ya roƙa.

Baba Bawah, mahaifin Barkisu, tsohon mahauci ne. Tun yana saurayi idonsa a sama yake, har ana tsokanarsa wai wata rana zai haɗa wa mai saye da yatsarsa. Shi ke ba da labarin zamanin da ungulaye ke rufe kwanukan kasuwar Race Course, kana fiɗa suna tsaye suna jiran rabonsu. Sannu a hankali suka ragu, hankaki suka gaje gari. Wasu masu kallon tsuntsaye da suka zo da madubin hangen nesa suka ce masa ba Kumasi kaɗai ba ce, guba da masu neman kan ungulu don magani sun kusa gamawa da su. Ranar bai ci abinci ba.

Yanzu ido ya tafi, jiki ya ƙi. "Ɗaya kawai, Humu," ya ce mata. "Ko ban gani ba, in ji saukanshi."

Ta baza hanjin a kan kwanon ɗakin, ta sauko ta zauna bakin gadonsa. Bayan azahar aka ji ƙaras-ƙaras a kwano.

"Baba, ya zo!" in ji ta, ba ta ko leƙa ba.

Ya kasa kunne, ya yi murmushi. "Ba ki iya ƙarya ba koraa, ko kaɗan. Hankaka ne, tsalle yake. Ungulu in ya sauka, kwano sai ya amsa. Mu jira small."

Suka jira. Kafin la'asar ya cika, fuskarsa na kallon rufi. Humu ta yi kuka kamar ubanta ne, baƙin cikinta ɗan abin da ya roƙa, duk Kumasi ta kasa ba shi.

Washegari, bayan an kai shi, ta ɗauko tsintsiya za ta hau ta share. Barkisu ta riƙe mata hannu.

"Bar shi, Maame. Wataƙila yana hanya."

Suka ɗaga kai su biyu. Sama fayau, ragowar hanjin na bushewa a rana.