Lanƙwasar da Ke Jikin Firam

Shekara biyu ke nan Yaya yana zaune a gida, tun ranar da injin yanka takarda ya cinye masa yatsu huɗu na hannun hagu. Da abin da ya rage zai iya dafa kan babur, amma ba zai iya matse kuloci ba. Ƙananan baburan zamani masu tafiya ba giya kuwa, birkinsu na baya a hannun hagu yake. Shi ya sa da wani kantin magani ya ce zai ɗauke shi aikin kai saƙo nan da mako uku, in dai yana da abin hawa, sai hankalin ƙanensa Auta ya tafi kan tsohon babur ɗin marigayi mahaifinsu.

Babur ne otomatik, mai canza giya da kansa, ya girmi Auta da shekaru. Ba kuloci, birkin baya a ƙafa. Kamar don Yaya aka ƙera shi.

Auta bakanike ne, yana da rumfa a layin masu gyara. Ya janyo babur ɗin daga bayan ɗaki, ya kwance shi kaf, ya jera notina a cikin gwangwanayen madara. Injin lafiya lau, sai datti. Amma da ya tsayar da firam ɗin, wato ƙarfen gangar jikin babur ɗin, tsirara, ya hango shi daga gaba, sai ya ga matsala. Ƙarfen ƙasa na hagu miƙe yake sambal, na dama kuwa ya yi ciki ya bulluƙo waje. Nan take ya tuna Baba ya taɓa faɗuwa da shi a kan gada.

"Firam ya karkace," ya gaya wa Yaya. "Ba zan ɗora ka a kansa da hannu ɗaya ba."

"Kai ne injiniya," in ji Yaya. "Ni dai fasinja ne mai jiran mota."

Kwana huɗu Auta yana zaga wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa kafin ya samu firam na ɗan'uwan babur ɗin, mai giya, ƙirar shekara ɗaya. Ƙarafansa biyu a miƙe kamar an ja su da zare. Ya ba da tsohon aka yi musaya, yana tsaye suka sassare shi gida uku suka jefa a mota.

Injin ya zauna daram. Kusoshi huɗu, kowanne ya sami raminsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: babban murfin injin na gefen dama ya matso jikin ƙarfen firam sosai. Ya zura bakin zarto tsakaninsu, ya wuce da ƙyar.

"Tunda zarto ya wuce, iska ma za ta wuce," ya ce a ransa, ya ɗauko fenti.

Ranar Asabar Yaya ya zo rumfa sanye da rigar kantin, mai launin kore, wadda matarsa ta goge har da kari. Ya hau, ya murɗa, babur ya ja shi a hankali. Auta bai ga haƙoran yayansa a waje ba tun kafin asibiti.

"Yaya, a hankali dai, ba tsere aka sa ka ba."

"Rufe mini baki. Ina hawan wannan kana tsotson yatsa."

Ya yi kwana a ƙarshen layi, ya ɓace.

Bayan kusan awa ɗaya ya dawo a ƙafa, yana tura babur ɗin da hannu ɗaya da ƙugu, gumi ya jiƙa rigar. Baƙin mai ya wanke masa takalmin dama, ya bar layi a bayansa tun daga titi.

Auta ya durƙusa. Da injin ya yi zafi yana rawa a kan ramukan hanya, murfin ya yi ta bugun ƙarfen firam har ya tsage. Ya kwance notinan murfin don ya ga cikinsa, murfin ya motsa kaɗan ya tokare da ƙarfen. Ya juya shi sama, ya juya ƙasa, ya ƙi fita. Sai da ya sauke salansa, ya cire tanki, ya fitar da injin gaba ɗaya, aikin awa uku saboda murfi guda.

Ya ɗauki murfin ya tsallaka wurin Baba mai walda, dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin. Tsohon ya ɗaga shi a hasken rana, ya bi tsagar da farce.

"Ta ratsa mazaunin boris. In na ɗora masa wuta zai shanye, ba zai ƙara zama daidai ba. Irin wannan murfin kuma rabona da ganinsa tun ina da baƙin gashi." Ya leƙa rumfar Auta. "Wannan ai firam ɗin mai giya ne. Ina nasa na asali?"

"Ya karkace, Baba. Ƙarfen dama ya lanƙwashe."

"Ya yi ciki waje, daidai saitin murfin?"

"Eh."

Tsohon ya cire tabaransa ya goge ido. "Ɗana, haka aka ƙera shi. Injin otomatik ya fi faɗi ta dama, sai suka lanƙwasa ƙarfen don ya ba murfin hanya, ka cire shi injin na zaune. Ga ni nan taku goma daga rumfarka. Me ya hana ka tambaya?"

Auta ya juya ya kalli rumfarsa. Abin da yake gani kawai shi ne firam ɗin nan gida uku a bayan mota.

Yaya yana zaune a kan benci, ya cire takalmin yana goge shi da tsumma, ya danne shi da gwiwa. Auta ya gaya masa komai, bai rage ba. Ya so a ce Yaya ya zage shi, ko ya jefe shi da takalmin.

"Kafin jibi fa?" Yaya ya tambaya, don jibi Litinin ne zai fara aikin.

"Ba zai yiwu ba, Yaya."

"Kafin wata?"

"Zan nema. Ban san inda zan samu ba."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon injin da ke ƙasa a kan kwali.

"Ka san ya yi tafiya mai daɗi," ya ce. "Har bayan gada na kai."

Ranar Litinin da safe Auta ya biya ta gidan. Ya tarar da Yaya a kan tabarma, a gurbinsa na kullum, yana ninke koriyar rigar a kan cinya. An wanke ta, an sake goge ta. Hannun rigar yana ta zamewa, yana dannewa da dungulmin hannunsa. Auta ya miƙa hannu zai taya shi.

"Bari," in ji Yaya. "Wannan dai zan iya."

Ya gama, ya sa ta a leda, ya miƙa masa.

"Hanyarka ce. Ka ajiye musu a kanti, ka ce na gode."