Kwalba a Cikin Safa

Yaron ya kusa wata huɗu a duniya, amma ubansa bai san kalar idonsa ba.

Uban mai gasa burodi ne, aikin dare yake yi. Da faɗuwar rana yake fita, ya tsaya a bakin tanda har gari ya waye, sannan ya dawo gida gashin girarsa fari fat da fulawa. Ɗaki ɗaya gare su, shi da matarsa, sai ɗan lungun girki a bakin ƙofa. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma tun yana gwauro ya kafe ta da tsohon bargo da ƙusoshi, domin shi haske ko na ashana ne hana shi barci yake yi. Rana tsaka ka shiga ɗakin sai ka laluba.

Idan ya dawo, yaron na barci. Idan ya farka da yamma, yaron na barci. Ya ci abinci, ya yi wanka, ya sa takalmi, har yanzu yaron na kwance kamar an jiƙa tsumma an ajiye. Da farko yakan yi kuka da rana, har uban ya taɓa yin magana a kai. Daga ranar kukan ya ɗauke ɗif, shi kuwa ya ɗauka dace ya yi da ɗa mai hankali.

Matar ce kullum cikin ƙorafi.

“Maigida, yaron nan fa ba ya runtsawa da dare. Maƙwabta har suna suka sa masa, wai Mai Gadi.”

“Wannan ɗin?” ya ce, yana nuna shi da haɓa. “Wannan da ko ƙuda bai iya kora ba? Ke dai kin cika son a tausaya miki.”

Ta kwashe kwanuka a hankali, yadda ɗaya ba zai taɓa ɗaya ba.

Wata safiya suna jera burodi a faranti, ya yi kuskuren yin alfahari a gaban Dogo, mai kwaɓa fulawa. Dogo mutum ne da bai taɓa jin labari mai daɗi ya bar shi da daɗinsa ba.

“Ni ɗana,” in ji mai gasa burodi, “wuni yake yana barci. Ko tari ba ka ji.”

Dogo ya tsaya da kankare kwaɓin da ya bushe a hannunsa. “Wuni guda? Jariri?”

“Wuni guda cur.”

“To, Allah ya sa lafiya. Ni nawa biyar, ban taɓa samun irin wannan ba. Ko buhun fulawa ka ajiye wuni guda sai ya ɗan zame.”

“Me kake nufi?”

“Ni? Ban nufi komai ba, ɗan'uwa. Sai dai akwai wani maganin mura na ruwa, mai zaƙi. Rabin cokali, yaro ya yi laƙwas. Matan yanzu sun san shi kamar gishiri. A ɗura masa, a samu sararin danna waya. Wani ya farka, wani kuma...” Ya ɗaga kafaɗa. “Amma taka ai 'yar mutunci ce.”

Ya ci gaba da kankare hannunsa. Ya gama nasa aikin. Irin su Dogo ba sa zargin kowa, ajiye maka zargin suke yi a aljihu ka tafi da shi gida.

Ranar mai gasa burodi bai bi hanyar da ya saba ba, ya zagaya ta bayan kasuwa yana tunani. Ya tuna matarsa ta rame. Ya tuna yadda take zabura idan ya buɗe ido ba zato. Ya tuna cewa duk lokacin da ya ce bari ya ɗauki yaron, sai ta tare shi da “Bar shi, Maigida, yanzu na samu ya kwanta.” Me ake ɓoye masa? Kuma kukan daren da take faɗa, wa ya ji? Shi dai bai ji ba. Bai tsaya ya tambayi maƙwabta ba, domin mai zargi ba shaida yake nema ba, abin da zai ƙara masa zafi yake nema.

Da ya shiga gida ya sunkuya kan yaron, ya shinshina bakinsa. Ƙamshin nono ne, amma ya rantse a ransa ya ji wani zaƙi-zaƙi a ciki. Ya ɗaga ɗan hannun ya saki, hannun ya faɗi yaraf.

Ya jira sai da ta fita shanya a bayan gida. Ya miƙe a cikin duhun ɗakin ya shiga lalube: ƙarƙashin katifa, cikin jakarta, bayan madubi. A kwandon kayan jariri, can ƙasa, hannunsa ya ci karo da wata 'yar safa mai nauyi. Ya zura yatsa, ya ji sanyin gilashi. Kwalba ce ƙarama. Ya girgiza ta a kusa da kunnensa, ya ji ruwa mai kauri yana motsi. Duhu bai bar shi ya ga komai a jikinta ba. Ya ji takun matar, ya mayar da kwalbar cikin safa, ya faɗa kan katifa ya juya wa ƙofa baya.

Bai yi barci ba ranar. Da ta kawo masa abinci da yamma ya kafe ta da ido.

“Yaron nan lafiyarsa ƙalau?”

“Ƙalau.”

“Ba mura, ba tari?”

“Babu. Me ka gani?”

“Ban ga komai ba. Ba a ba shi wani magani ba dai?”

Cokalin da ke hannunta ya bugi bakin kwano. “Magani kuma? Na me?”

Ya ja kwanon gabansa. Ya ji cokalin, kuma ya riƙe shi a matsayin amsa. Da ya fita aiki sai da ya tsaya a bakin titi yana tunanin komawa ya ɗauke ɗansa ya kai wa yayarsa. Abin da ya hana shi, yana so ya kama ta hannu dumu-dumu, yadda gobe ba mai ce masa ya yi mata ƙazafi. A daren ya ƙona faranti guda na burodi, Dogo ya dube shi ya yi ɗan tsaki na tausayi.

Washegari ya dawo, ya kwanta kamar kullum, ya ja zane ya rufe fuska, ya bar 'yar kafa daidai ido ɗaya. Har minshari ya ƙirƙiro.

Matar ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin bango. Ba ta danna waya ba. Ba ta yi shara ba, ba ta ɗora tukunya ba. Zama kawai take yi kusa da shimfiɗar yaron, kanta na rinjaya tana tarowa, kamar mai jiran layin asibiti.

Can da rana ta take, yaron ya yi miƙa, ya ce “aguu.” Ba kuka ba ne, hira yake nema. Kafin ya rufe baki ta sure shi ta sa masa nono. Ya ɗan tsotsa, ya yi luf. Ta kwantar da shi. Ba a jima ba ya sake motsi, ta sake sure shi. Wannan karon ya ƙi nonon, ya ture da hannu, ya shiga harba ƙafa yana ƙananan gurnani na jin daɗi. Ta miƙe ta kifa fuskarsa a kafaɗarta, tana kai da komo tsakanin ƙofa da bango, ba takalmi, tana raɗa masa.

“Yi shiru, Mai Gadi. Don Allah yi shiru, Baba na barci. Bari dare ya yi, sai mu yi wasa.”

Yaron ya ƙi. Muryarsa ta fara tashi. Ta waiwayi katifa, ta waiwayi ƙofa. Sai ta durƙusa a gaban kwandon, ta zura hannu can ƙasa, ta zaro safar. Ta fito da kwalbar ta riƙe, tana kallonta.

Mai gasa burodi ya yi wurgi da zane ya diro. Ya damƙe wuyan hannunta.

“Na kama ki! Ashe ɗana kike kashe mini a hankali!”

Yaron ya tsala ihu. Matar ta ƙanƙame shi da ɗaya hannun.

“Tun yaushe? Cokali nawa kika ɗura masa? Kawo nan in ga abin da ya rage!”

Ya fizge kwalbar ya ɗaga ta sama, bai ga komai ba sai baƙi. Cikin fushi ya kai hannu ga bargon taga ya fincike shi. Ƙusoshi suka yi tsalle, ƙurar shekaru ta turnuƙe, hasken rana ya faɗo ɗakin kamar an watsa ruwa.

Kwalbar cike take har wuya. Zoben murfin yana nan a manne, ba a taɓa murɗa shi ba. Ya gwada da yatsa, ya ji shi gam.

Ya juyo gare ta. Rabon da ya ga fuskar matarsa da hasken rana har ya manta. Idanunta sun faɗa ciki, sun yi ja, leɓenta ya tsage. Ba fuskar mai danna waya ba ce.

“Ban buɗe ba,” ta ce. “Maƙwabciya ce ta ba ni. Kullum sai na ɗauko na duba na mayar.”

“To me ya kai ki karɓa tun farko?”

“Kai.”

“Ni?”

“Ranar da ya yi kuka kana barci. Ka manta? Ka jefi ƙofa da takalmi, ka ce in ban iya rufe bakin ɗa ba, in tattara shi mu koma gidanmu, kai ba za ka ƙone a tanda saboda mu ba.”

Ya tuna. Shi a ransa ya ajiye abin a matsayin “magana.” Namiji yakan yi tsawa ya manta kafin ya kai bakin titi, wanda aka yi wa tsawar shi ke zama da ita a ɗaki.

“Tun daga ranar,” ta ce, “da ya motsa sai in mayar da shi barci. Ba na shara da rana, ba na wanke-wanke, ko murfin tukunya ba na ɗagawa. Sai ka fita nake kunna fitila in yi duk aikin gidan nan, da wanki da girkin gobe, rediyo a kunne don tsoro. Shi kuma ya buɗe ido tar, ya ga haske ya ji motsi, ya ce ai gari ya waye. Aikinka ya bi, Maigida. Ku biyu kuna aikin dare, ni ce ba ni da dare ba ni da rana.”

Ta dubi kwalbar da ke hannunsa.

“Kuma kada ka yi mini kallon waliyya. Yau da ka bar ni, ban san abin da zan yi ba. Wallahi ban sani ba.”

Wannan ce ta fi dukansa. Ya zo neman mai laifi, ya tarar saura ƙiris a yi laifin, kuma shi ya share hanyar. Maganin da ke kwantar da babba, jariri ba lallai ya tashi daga shi ba. Shi ya san haka, ita ma ta sani, amma duk da haka kwalbar ta kwana a ɗakinsu.

Sai a lokacin ya lura kukan ya tsaya. Yaron ya karkata kai daga kafaɗar uwarsa, ya saki baki yana kallon ƙurar da ke yawo a cikin haske. Idanunsa manya ne, masu ruwan ƙasa-ƙasa, irin na kakarsa.

Mai gasa burodi ya fita lungun girki, ya murɗe murfin da kansa, ya tuttule maganin a magudana ya bi shi da ruwa. Ya dawo ya miƙa hannu.

“Kawo shi.”

Ta ƙara ƙanƙame yaron. “Ina za ka kai shi?”

“Bakin ƙofa. Ya ga rana, ya ji hayaniyar mutane. In ya gaji ya ɗan yi barci, in ya zarce mu tashe shi. Da dare ki kashe fitila, ki bar aikin, da rana za a riƙa yi.”

“Kai fa? Barcinka?”

“Akwai ɗakin ajiyar buhuna a wurin aiki. Can zan riƙa rage wani, sauran in yi a nan, da haske da komai. Kwanta.”

Ta miƙa masa yaron, amma ba ta kwanta ba. Ta zauna a bakin katifa tana leƙensa ta ƙofa, tana jiran ta ga ko zancen na yau ne kaɗai. Tana da gaskiya, bai yi abin da za a yarda da shi a rana ɗaya ba.

Ya zauna a dandamalin ƙofa, idanunsa na yaji. Mai babur ya wuce yana danna oda, yaron ya zabura, ya kwaɓe fuska, ya ɓarke da kuka iya ƙarfinsa. A cikin ɗaki matar ta miƙe zumbur.

“Zauna,” ya ce, bai waiwayo ba. “Bar shi ya yi. Na ji.”