Rigar da Bulus Ya Bari

Ƙaramar ƙungiyar agajin da Madam Hadassah ke shugabanta a Sabon Tasha riga ɗaya tal gare ta mai tambari, duk wanda aka ɗauka aiki ita yake sakawa. Bulus ne ya fi daɗewa da ita, kafin wata babbar ƙungiya ta yi awon gaba da shi Abuja. Ashe ya yi wa samarin Nasarawa alkawarin aiki, ya tafi bai ce mata uffan ba.

Ranar da Harrison, magajinsa, ya kama aiki, ta tura shi unguwar cikin rigar. Samarin ba su dubi fuska ba, riga suka gani. Suka fizgo shi daga keke napep, suka rufe shi da gora da duwatsu har hannunsa ya karye.

A asibiti ya jefa mata rigar a fuska.

"Madam, riƙe tsiyarki! Na bar aikin!"

Ta koma ofis tana huci, ta tsoma rigar a ruwan sabulu, ta dirza har yatsunta suka saɓule, amma jinin ya ƙi fita. Gobe da safe wata yarinya za ta fara aiki, kuma rigar ke nan.