Takardar da Hafiza Ba Ta Karanta Ba

Ku yi mini afuwa da na yi karambanin ɗaukar biro. Ban taɓa rubuta labari ba, wannan ne dai ya ƙi barina in huta.

Hafiza na rungume da tukunya a bakin ƙofa lokacin da 'ya'yan Alhaji Mani, mai gidan, suka wurgo katifarsu tsakar gida. Wata takwas ke nan da ita da mahaifiyarta, Dada, suka baro 'Yargoje suka kama hayar ɗakin nan a Ƙanƙara. Kashin awaki suka tarar a ciki, rufin duk huji. Dada ta sayar da tunkiyarta ta sa sabon kwano, ta yi daɓen siminti, ta shafa farar ƙasa da hannunta.

"Alhaji, na shekara na biya," in ji Dada tana durƙushe. "Saura wata huɗu."

"Ɗana Yahya zai yi aure, kuma ɗakin ya dace da amarya." Ya zaro takarda daga aljihu. "Ga dangwalenki. A nan an ce ranar da na buƙaci ɗakina kwana bakwai gare ki, gyara kuma ya zama na mai gida. Ai 'yar bokon taki ta duba."

Ta duba ɗin. Ranar yarjejeniya, a zauren Alhaji, gaban dattawa uku, Dada ta miƙa mata shafi biyu na Turanci. Tana kan layin farko Alhaji ya yi dariya.

"Ikon Allah. Yarinya za ta bincike ni a zaurena?"

Dattawan suka zuba mata ido. Ita da ko takardar ƙunshin ƙosai ba ta yarwa sai ta karance, ta ninke wannan ta ce, "Daidai ne." Dada ta dangwala, aka shafa fatiha.

Yanzu matan maƙwabta sun cika gidan. Wata ta leƙa ɗakin ta ce, "Kai, Dada kin iya daɓe. Amarya ta huta."

Dada ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi a gaban Alhaji ba.

"Babu wannan maganar a ciki. 'Yata ta karanta duka, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Hafiza, zo ki faɗa masa a gaban mutane."

Idon kowa na kan takardar. Hafiza ta ajiye tukunyar a hankali don kada murfin ya yi ƙara, ta ja mayafinta, ta bi jikin bango ta fice ta zaure.