Ramuka Huɗu a Jikin Ƙofa

...kuma ai na cire sakatar. Da hannuna na kwance kusoshin, ga ramukan nan huɗu suna kallona. Ihu bayan hari.

Wa ke kulle ƙofa a garin nan a watannin da teku bai daskare ba, nanuk, wato farin beyar, na yawo a bakin gaɓa da yunwa? Ƙofar gida, ƙofar mota, duk a buɗe ake bari, don wanda farin beyar ya biyo ya faɗa inda ya samu. Na sani. Uwata ta koya mini tun ban iya riƙe allura ba.

Gajiya na yi, shi ke nan. Gwaggo Ulayuk, ƙanwar baban mijina — kullum da hantsi sai ta turo ƙofa. To, a nan wa yake ƙwanƙwasawa? Ta zuba wa kanta shayi, ta ɗauki takalmin fatar da nake ɗinkawa ta jujjuya. "Nauja, wannan ɗinkin naki ai kifi ma sai ya bi ta ciki ya wuce." Shekara tara ina haɗiyewa. Safiya ɗaya kawai nake so tawa... ɗaya. Ran nan sai na kafa wa ƙofar sakata, na kulle.

Hannun ƙofa ya motsa. Ya sake. Ana jijjigawa. Ni kuwa ina zaune da kofi a hannu, har da murmushina, ina cewa a raina yau dai ki sha na gidanki. Karnuka na ta haushi — ban ji ba? Na ji. Ba ta kira sunana ba... ko ta kira? Taku talatin ne daga nan zuwa gidan maƙwabcinmu Palusi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, taku talatin, abin yana bayanta. Sai ƙarar bindigar Palusi.

Jan jini a kan dusar ƙanƙara... jirgi ya ɗauke ta zuwa asibitin kudu. Wata biyu. An ɗinke kafaɗar, amma hannun dama ba zai ƙara zura zare ba.

Da aka tambaye ta kuma, me ta ce? "Gidan Palusi na nufa kai tsaye, gwiwa ce ta ci amanata." Har mijina iyakar abin da ya sani ke nan. Da ta tona ni da na samu sauƙi. Da ta tsaya a ƙofar coci ta yi mini wankin babban bargo... Kunya ke cina, rufin asirin nan ya fi zagi zafi.

Jiya ta dawo. Tun safe na ɗora shayi, na ajiye takalmin inda idonta zai fara sauka, na karkata ɗinkin da gangan. Ga takunta nan a matakala, tana jan ƙafa. Turo, Gwaggo. A buɗe take... turo kawai, ki ce kifi zai wuce.

Ta tsaya.

Ƙwanƙwasawa take yi — sau uku, a hankali, kamar baƙuwa.